Abin da Na'urar Horo Ba Ta Iya Koya wa Matuƙin Jirgi

Da zarar jigilar maniyyata ta matso, zancen jirgin sama kan mamaye majalisun unguwar Ƙofar Guga, daga teburin mai shayi har bakin masallaci. Maganar da ta fi yawo ita ce wai matuƙan yanzu a cikin wani akwati ake zaunar da su suna wasan kwamfuta, sannan a danƙa musu rayukan alhazai. Wannan magana tana ci mini tuwo a ƙwarya, domin ta raina abin da ke tsare rayuka, ta kuma tsallake inda gizo ke saƙar.

Na'urar kwaikwayon tuƙi ba baƙuwa ba ce. Tun 1929 Ba'amurke Edwin Link ya ƙera wadda ta fara karɓuwa. Ta yau ɗakin matuƙi ce sak, kowane maɓalli a mazauninsa, tsaye kan ƙafafu shida masu motsi, tana karkata tana girgiza. A cikinta malami kan kashe inji ana tsakiyar tashi, ko ya tayar da gobara, abin da ba mai hankalin da zai gwada ɗauke da fasinja. A kwalejin matuƙa ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, sai ɗalibi ya tashi da ƙaramin jirgi na gaske, har ya kai ga tashi shi kaɗai. Matuƙin babban jirgi kuwa yakan koma na'ura duk wata shida a sake gwada shi.

Giɓin yana wajen firgita. Matuƙi yana gumi a na'ura, don lasisinsa da abincinsa na kan gwajin, amma ya shigo da sanin cewa za a ɓata masa wani abu, kuma da ƙafarsa zai fita. A sama matsala ba ta yin sallama. Zuciya ta buga, hannu ya sandare, ido ya kafe kan agogo ɗaya ya manta sauran, abin da aka sani sarai ya ɓace na ɗan lokaci. Haka mahaddacin da ke zuba hadda gaban malaminsa kan sarƙe ranar musabaƙa, alhali karatun na nan a kansa.

A ranar 15 ga Janairun 2009 tsuntsaye suka kashe injina biyu na wani jirgi da ya tashi daga birnin New York, Kyaftin Sullenberger ya sauke shi a kan kogin Hudson, mutum 155 suka tsira. Da masu bincike suka maimaita tafiyar a na'ura, wasu matuƙan sun iya komawa filin jirgi, saboda sun juya nan take. Da aka ƙara daƙiƙa 35, lokacin da ɗan Adam ke buƙata ya gane abin da ya same shi, jirgin bai kai ba.

Mu ma mun ɗanɗana. A ranar 29 ga Oktoban 2006 jirgin kamfanin ADC ya faɗi jim kaɗan da tashi daga Abuja zuwa Sakkwato, mutum 96 suka rasu, har da Sarkin Musulmi Muhammadu Maccido. Bincike ya ɗora laifin kan tashi cikin mummunan yanayi, da kuskuren matakin da aka ɗauka lokacin da iska ta juye ba zato.

Don haka tambayar da ta dace a yi wa hukumomi ita ce: ana shammatar matuƙa a gwaji, ko darasin bara ake maimaita musu a sa hannu a takarda? Mu fasinjoji kuma da namu. Idan hazo ya rufe filin jirgin Umaru Musa 'Yar'aduwa, matuƙi ya ce ba zai tashi ba, mu daina yi masa ihu. Matsin lambarmu ƙari ne kan nauyin da yake ɗauke da shi, kuma ƙin tashin nan yana cikin abin da aka horar da shi ya yi.