Idan yaro ya yi laifi: hanyar sulhu kafin kotu

Ya ku iyaye da masu riƙon yara,

Akan kawo mana ƙarar yaron da ya ɗauke wayar maƙwabci, ko ya yi faɗa a layin ruwa har ya fasa wa wani baki. Wasu iyayen kan ɓoye yaron don tsoro, wasu kuma su yi masa dukan kawo wuƙa. Duka biyun ba sa gyara komai.

Ku sani, dokar ƙasar da muke zaune a cikinta tana aiki a cikin sansani. Amma Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan Haƙƙin Yara ta 1989, wadda Nijar, Kamaru, Chadi da Nijeriya duk suka amince da ita, ta ɗauki duk wanda bai kai shekara 18 ba a matsayin yaro. Sashe na 37 ya ce kada a tsare yaro sai in babu wata mafita, kuma na ɗan ƙanƙanin lokaci. Sashe na 40 ya buƙaci a nemi hanyar warware maganarsa ba tare da shari'a ba, idan hakan ya dace.

Ga yadda sulhun yake. Idan laifin ƙarami ne, yaron ya amsa da bakinsa ba da tilas ba, wanda aka cuta kuma ya yarda, sai a zauna da iyaye, dattawan unguwa da jami'in kare yara. Wanda aka cuta zai faɗi asarar da ya yi. Yaron zai nemi gafara, ya mayar da kayan ko iyaye su biya, sannan ya koma makaranta ko koyon sana'a, ana bibiyarsa. Ba a duka, ba a tozarta shi a bainar jama'a.

Fyaɗe, kisa da mummunan rauni ba a sasanta su a zaure. Dole a kai su gaban hukuma, kuma ba a rufe fyaɗe da kuɗi ko da ɗaura aure.

Idan jandarmomi ko 'yan sanda suka kama ɗanku, ku sanar da ofishin kare yara nan take. Ku tafi da takardar haihuwarsa ko ta rajistar iyali, don a tabbatar da shekarunsa, kada a haɗa shi da manya.