Tazara da Lokaci a Tafiyar Jirgin Sama: Misalin Tsibiran Westray da Papa Westray

Gabatarwa

Sau da yawa ɗalibai kan ɗauka cewa da zarar an san tazarar da ke tsakanin wurare biyu, to an san lokacin da tafiya za ta ci. Wannan zato bai cika zama gaskiya ba. Tazara ma'auni ce ta nisa, lokaci kuwa ya dogara ne da abin hawa da yanayi da kuma yadda tafiyar ta kasance. Domin fito da wannan bambanci fili, za a dubi wata gajeriyar tafiya a tsibiran Orkney da ke arewacin Sikotlan, a ƙasar Birtaniya.

Tazarar da ke Tsakanin Filayen Biyu

Westray da Papa Westray tsibirai ne maƙwabta, wani siririn mashigin teku ne kawai ya raba su. Tsakanin filayen jiragensu akwai kimanin kilomita 2.7, wato nisan da mai tafiya a ƙasa zai iya yankewa cikin kusan rabin awa, in da babu ruwa a tsakani. Tun shekarar 1967 kamfanin Loganair yake jigila a wannan hanya, wadda ta shahara a matsayin tafiyar jirgin fasinja mafi gajarta a duniya. Jirgin da ake amfani da shi, Britten-Norman Islander, fasinja 8 yake ɗauka.

Lokacin da Tafiyar Ke Ci

Irin wannan jirgi yana iya gudun kilomita 240 a awa, wato kilomita 4 a minti guda. A lissafin takarda, ke nan, sakan 40 sun isa. Amma a zahiri tafiyar kan ci minti ɗaya zuwa biyu, kuma mafi saurin da aka taɓa yi shi ne sakan 53.

Dalilai uku ne suka haifar da wannan bambanci. Na farko, jirgin ba ya samun sararin kaiwa ga cikakken gudunsa; yana tashi sai shirin sauka. Na biyu, iska: idan ta biyo bayansa takan ƙara masa sauri, idan kuma ta fuskance shi takan rage. Na uku, jirgi yakan fuskanci iska ne wajen tashi da sauka, don haka wani lokaci sai ya yi kwana, hanyarsa ta zarce miƙaƙƙen layin da aka auna a taswira.

Muhimmancin Tafiyar

Mazauna Papa Westray ba su wuce 90 ba a ƙidayar 2011. Jirgin ruwa na ɗaukar kimanin minti 25 kafin ya haye, kuma haukan teku na iya hana shi tafiya. Jirgin saman shi ne ke sada su da Kirkwall, babban garin Orkney, inda asibiti yake. Shi ne kuma ke kawo musu malamai da ma'aikatan lafiya. Saboda haka ne majalisar tsibiran take tallafa wa hanyar da kuɗi.

Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata, ya bayyana cewa tazara ba ta sauyawa, amma lokaci yana sauyawa kullum. Wajibi ne malami ya rarrabe wa ɗalibansa tambayoyi biyu: "kilomita nawa ne?" da kuma "minti nawa za a yi?" Amsar ta farko tana taswira, ta biyu kuwa sai an dubi abin hawa da iska.