FILIN MANOMA: Ɓarawon Da Ba Ya Fasa Rumbu

Jama'a, yau ba zancen gwazarma ko ƙuduji za mu yi ba. Akwai wani ɓarawo wanda ba ya haura katanga, ba ya fasa rumbu, amma yakan kwashe wahalar damina guda kafin mutum ya idar da alwala. Ta cikin waya yake shigowa.

Kwanan baya ina zagayen gonaki, wani dattijo ya tare ni, idonsa ya yi ja. Ya sayar da riɗinsa kaf, ya zuba kuɗin a banki. Sai ga saƙo wai sunansa ya fito cikin waɗanda za a ba taki da rangwame. Jim kaɗan wani ya kira shi da ladabi, har ya ambaci sunansa da na garinsu. Ya ce, "Baba, karanto mini lambobin da ke jikin katinka na banki." Ya karanta. Ya ce, "Wata lamba za ta shigo yanzu, ita ma faɗa mini." Ya faɗa. Kafin la'asar asusu ya koma wayam.

Kada kowa ya yi masa dariya. A 2012 Gwamnatin Tarayya ta fara raba taki da iri ta hanyar aika wa manoma saƙo a waya, a 2015 kuma aka buɗe shirin ba manoman shinkafa rance a Kebbi. Watau mun saba alheri ya zo ta waya. To, wannan sabo shi ne macuta suka mai da tana a bakin fatsa. Turawa ma da kamun kifi suka kwatanta wannan irin zamba.

Ga yadda abin yake. Lambar nan da ta shigo wa dattijon, banki ne ya aiko ta don ya tabbata mai kuɗi ne da kansa ke son fitar da su. Ɓarawo ba shi da iko sai ka miƙa masa ita. Mabuɗin rumbunka ke nan.

Saboda haka a riƙe waɗannan:

1. Lambar sirri ta kati, da lambar da banki ya aiko a saƙo, ba a faɗa wa kowa. Ma'aikacin banki na gaskiya ba ya tambayarsu.

2. BVN da NIN, ko wace lamba 11 ce. Kada a ba da su ga wanda ya kira, ko a rubuta su a shafin da aka turo ta WhatsApp. Adireshin shafunan gwamnatin Nijeriya da .gov.ng yakan ƙare.

3. Wanda ya ce, "Yi maza, yau za a rufe," ko "Biya kuɗin fom tukuna," a yi shakkarsa. Gaggawa ita ce makaminsa. Kashe waya, ka tafi ofishin gona na ƙaramar hukumarku ka tambaya baki da baki.

4. 'Yan kasuwa, kada a ɗaga buhu don an nuna muku saƙon shigar kuɗi. Ana ƙirƙira na jabu. Ku duba asusunku da kanku.

5. Akawuna masu cika wa jama'a takardu, amana ce a hannunku. Kada ku bar lambobin mutane a kan tebur.

In kuwa an riga an faɗa tarko, ko waya ta ɓata, kada kunya ta hana magana. A garzaya banki nan take a sa su rufe katin da asusun, sa'an nan a kai ƙara wurin 'yan sanda ko hukumar EFCC. Jinkiri riba ce ga ɓarawo.

Wanda ya iya karatu ya karanta wa maƙwabcinsa wannan, ya kuma gaya wa matan gida masu ajiyar kuɗin awaki da na adashi. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya tsare mana guminmu, amin.

Malamin Gona