Ciwon Maƙogwaro Bayan Aikin Asibiti: Ba Beli Ba Ne

Jama'a, ga wani abu da yakan faru a gidajenmu. An ɗauko matar wani manomi daga ƙauye a ƙasar Tsibiri. An kai ta asibiti a Maraɗi da ciwon ciki mai tsanani. Likitoci suka sa ta barci, suka yi mata aiki. Aiki ya yi kyau. Amma da ta farka sai ta ji maƙogwaronta yana zafi. Muryarta ta dushe. Ko miyau da ƙyar take haɗiya. Masu jinya suka leƙa bakinta, suka ga beli ya kumbura. Nan take gwaggonta ta ce, "Beli ne ya sauko. Da mun koma gida sai a kira wanzami."

Gwaggo alheri take nufi, amma shawararta tana iya halaka mara lafiya. Abin da ya taɓa maƙogwaron matar nan tiyon numfashi ne, wanda aka sa mata tana barci. Wannan ciwo sananne ne. Ana iya rage shi tun kafin ya zo, kuma yakan warke da kansa.

Me ya sa ake sa tiyo?

A cikin wuyan mutum akwai hanya 2. Ta gaba ita ce hanyar iska, tana zuwa huhu. Ta baya ita ce hanyar abinci, tana zuwa tumbi. Idan ruwa ya kuskure ya bi hanyar iska, sai mutum ya ƙware, ya yi ta tari har ya fito da shi.

Barcin asibiti ba irin barcin gida ba ne. Wanda aka sa wa maganin barci ba ya iya tari, ba ya iya haɗiya. Sau da yawa numfashi ma sai an taimaka masa. Saboda haka likitan barci yakan zura wani tiyo na roba ta baki, ya shiga hanyar iska. Kaurin tiyon kamar na yatsa ne. Kusa da ƙarshensa akwai ƴar jaka mai kama da balan-balan. Idan aka hura mata iska sai ta toshe gefen hanyar. Ta haka iska take isa huhu, amai da jini kuwa ba su samun wurin shiga.

Wannan dabara ta daɗe. A shekara ta 1846 aka fara nuna wa duniya aikin fiɗa da maganin barci, a birnin Bostan na Amurka. A 1878 wani likita mai suna William Macewen, a birnin Gilasgo, ya zura wa mara lafiya tiyo ta baki kafin ya yi masa aiki. Tun daga nan tiyo ya ceci rayuka masu ɗimbin yawa.

Ba kowane aiki ake sa tiyo ba. Aikin ƙaba, da aikin ciro jariri, da aikin yoyon fitsari irin wanda ake yi a cibiyar Danja, ta wajen Jiratawa, tun 2012, galibi da allurar baya ake yin su. Allurar takan kashe jiki daga ƙugu zuwa ƙafa, mutum yana farke. Manyan ayyukan ciki, da na maƙoƙo, da na kai su ne aka fi yi da tiyo.

Me ke kawo ciwon?

Fatar cikin maƙogwaro taushi gare ta, kamar ta cikin kumatu. Tiyo yakan goge ta wajen shiga da wajen fita. Yana bi ta daidai inda murya take fitowa, shi ya sa murya take dushewa. Idan aka hura wa ƴar jakar nan iska da yawa, takan matse hanyar iska. Wani lokaci tiyo yakan danne beli, sai ya kumbura, ya yi tsawo, har bakinsa ya yi fari. Ga kuma ƙishirwa, domin mutum ya yi awoyi bai sha ruwa ba.

Binciken likitoci ya nuna cewa a wasu wurare, cikin mutum 10 da aka sa wa tiyo, har mutum 6 sukan tashi da wannan ciwo. Ya fi kama mata, domin hanyar iskarsu ta fi ta maza ƙanƙanta. Ya fi kama masu shan taba, da wanda aikinsa ya daɗe, da wanda aka sha wahala kafin tiyo ya shiga. Ga yawancin mutane, ciwon yakan tafi cikin kwana 2 ko 3. Da wuya ya wuce mako 1. Kumburin beli kan kai mako 2.

Rigakafin da ke hannun likita

Likitan barci yana da dabarunsa. Yakan zaɓi tiyo daidai da wuyan mutum, na mace ya fi na namiji siranta. Yakan auna iskar da ya hura wa ƴar jakar, kada ta yi yawa. Yakan zura tiyo a hankali, ya cire a hankali. Akwai wata allura mai suna deksametazon da take rage kumburi. Akwai kuma maganin da ake shafawa a jikin tiyo, da wanda ake kurkurawa kafin aiki. Ga ƙananan ayyuka, akwai wani abin numfashi da wani likitan Ingila, Archie Brain, ya ƙera a shekarun 1980. Shi a bakin hanyar iska yake tsayawa, ba ya shiga ciki. Likita ne ya san wanda ya dace da kowane aiki.

Rigakafin da ke hannunka

Idan an sa maka ranar aiki, ka kula da waɗannan abubuwa:

1. Ka faɗa wa likitan barci gaskiya. In kana mura, ko tari, ko ciwon maƙogwaro, ka faɗa. A lokacin hunturu, da ƙura ta yi yawa, wannan ya zama tilas. Ɗage aiki da ƴan kwanaki ya fi a yi shi a kan mura.

2. In an taɓa yi maka aiki ka sha wahalar maƙogwaro, ka faɗa. In kana da haƙori mai girgiɗa, ko fuka, ko minshari mai yawa, ka faɗa. Ka nuna duk maganin da kake sha, har da na gargajiya.

3. Ka bar taba. In da hali, mako 4 kafin aiki. Ko kwanaki kaɗan ka samu, sun fi babu.

4. Ka wanke baki da asawaki ko buroshi ranar aiki.

5. Ka kiyaye dokar barin abinci. A ƙa'ida ana barin abinci awa 6 kafin aiki, nama da abinci mai maiƙo kuwa awa 8. Fura da nono da kunu da koko duk abinci ne. Goro ma a bar shi. Ruwa tsantsa shi ake iya sha har saura awa 2, in likita ya yarda. Abin da likita ya faɗa maka shi za ka bi. Mai jinya kada ya ba mara lafiya kome a ɓoye don tausayi. Tumbi cike yana iya jawo amai ya shiga huhu.

Wanda aka kai da gaggawa ba shi da lokacin shiri. Danginsa su faɗa wa likita abin da ya ci, da lokacin da ya ci shi.

Bayan an farka

Kada a ba mara lafiya ruwa sai likita ya ba da izini, musamman bayan aikin ciki. Idan an ba da izini, ya riƙa kurɓa kaɗan-kaɗan, a kai a kai.

A zuba rabin ƙaramin cokali na gishiri a cikin kofi 1 na ruwan ɗumi mai tsabta. Ya ɗaga kai sama ya kurkure maƙogwaro, ya zubar. A yi haka sau 3 ko 4 a yini.

Idan an yarda ya ci abinci, a fara da kunu mai ɗumi, ba mai zafi ba. Zuma cokali 1 tana sanyaya maƙogwaro. Amma ba a ba jariri zuma sai ya cika shekara 1, mai ciwon sukari kuma ya tambayi likita. A bar yaji da tsami. A nisanta shi da hayaƙin murhu da ƙura.

Ya huta da magana. Ƴan dubiya suna da lada, amma amsa gaisuwar mutum 30 aiki ne ga maƙogwaron da ya ji rauni. Mai jinya ya amsa a madadinsa.

In zafin ya dame shi, a faɗa wa ma'aikacin asibiti. Parasitamol yakan isa. Kada a sayo ƙwayoyin tebur a kasuwa a ba shi.

A bar beli ya huta

Wanzami namu ne, yana da aikinsa a gari. Amma wannan ba nasa ba ne. Wanda aka yi wa aiki ya riga ya zubar da jini, jikinsa ba ƙarfi. Yankan beli yana iya jawo zubar jinin da ba ya tsayawa. Ƙarfen da ba a dafa ba yana iya sa masa tetanos, ko ciwon hanta, ko sida. Rauni a kan rauni ke nan. Belin da tiyo ya danne zai sace da kansa.

Alamun komawa asibiti

A koma asibiti nan da nan, ko da dare ne, in aka ga ɗaya daga cikin waɗannan: numfashi da ƙyar ko da ƙara, kasa haɗiyar miyau, wuya yana kumbura, tari da jini, zazzaɓi mai zafi. In kuma mako 1 ya cika ciwon bai ragu ba, ko murya ba ta dawo ba bayan mako 2, a je likita ya duba.

Ya mai karatu, kai da Allah ya ba ilimin karatu, ka karanta wa mutanen gidanku wannan shafi. Ka karanta wa tsofaffi, domin su ne masu yanke shawara ranar jinya. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.