2.3 Ƙullutun Mama Mai Bin Al'ada a Tsakanin Matan Kura da Bunkure

A wannan sashe za a yi bayani ne a kan wani yanayi da likitoci ke kira fayiburosistik, wato kaurin nama da ƙananan ƙulli masu ruwa da ke fitowa a cikin maman mace. An fi samun sa ga mata 'yan shekara 30 zuwa 50, kuma yakan lafa bayan ɗaukewar al'ada.

Masana sun danganta shi da hawa da saukar sinadaran jiki guda biyu, istirojin da furojestaron. Shi ya sa mama kan yi nauyi da zafi gab da zuwan haila, ya kuma yi sauƙi bayan ta wuce. Galibi yakan shafi mama biyun, musamman gefen sama wajen hammata, kuma ƙullin yana motsi idan an taɓa shi.

Wannan yanayi ba ciwon daji ba ne. Sai dai alamomin da suka wajabta gaggawar zuwa asibiti su ne:

(i) ƙulli mai tauri wanda ba ya motsi, ba ya kuma raguwa bayan haila;
(ii) fitar jini daga kan mama ko shigewarsa ciki;
(iii) sauyawar fata ta koma kamar ɓawon lemo.

A yankin noman rani na Kadawa, wanda ke shan ruwa daga madatsar Tiga, mata da yawa na sana'ar turara shinkafa da yankan tumatir. Mace kan ɗauka wahalar aikin ce ta jawo mata ciwon, ta yi shiru saboda kunya. Wata kuma tana jin ƙulli sai ta yanke cewa daji ne, ta guji asibiti bisa imanin cewa daji ba ya son allura. Duka biyun akwai hatsari: ta farkon tana iya ɓoye sankara har ta yi nisa, ta biyun kuma ta ɓata kuɗi da kwanciyar hankali a kan abin da ba ya kisa.

Saboda haka, hannu kaɗai ba ya raba gardama. Ya kamata a fara da Babban Asibitin Kura, in da buƙata a tura mace Asibitin Murtala ko Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, inda ake ɗaukar hoton mama ko a zuƙi ruwan ƙullin a gwada.