Sankarar nono tana kama maza su ma

A Matankari da sauran garuruwan Arewa, in an ce ciwon nono, kowa mata yake dubi. Magidanci in ya taɓa ƙullutu ƙarƙashin kan nononshi, sai ya rufe da riga ya yi shiru, kada tsaranshi su yi mishi dariya. Wani ya ce maruru ne, ya kai ma wanzami a tsaga. Wani ya ce sai an gama yankan hatsi. Kafin a kai shi gidan likita, abin ya zama gyambo.

Hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta ce cikin mutum 100 da ke kamuwa da sankarar nono, kusan 1 namiji ne. Ba su da yawa, amma akasarinsu suna zuwa likita a makare.

Ciwon guda ne, amma tafiyarshi ta bambanta. Mace tana da tsokar nono mai yawa, ƙullutun yana iya ɗaukar lokaci cikinta. Namiji kuwa tsokar nononshi kaɗan ce. Shi ya sa da wuri ciwon ke kama fata da kan nono, ya manne ma naman ƙirji, ya fidda kaluluwa cikin hammata. In ya yi nisa, sai ya bi jini ya sauka cikin ƙashi, ko huhu, ko hanta. Sa'annan mutum ke fara ciwon baya da ba ya jin magani, ko tari, ko rama.

Ga maza, ya fi kama dattawa masu shekara 60 zuwa sama. Ga alamunshi: ƙullutu mai tauri ga nono guda, wanda sau da yawa ba ya zafi, kan nono ya shige ciki, jini ko ruwa na fita, miki ya ƙi warkewa. Wanga dabam yake da kumburin nonon samari lokacin balaga, wanda yake da taushi kuma yakan baje da kanshi.

Magani ma ya bambanta. Mace in ta zo da wuri, ana iya cire ƙullutun a bar mata nono. Namiji galibi duka ake cirewa. Amma kusan 9 cikin 10 na sankarar maza wani sinadarin jiki ne ke ciyar da ita, kuma akwai ƙwaya mai suna tamoxifen da ke tare mishi hanya. Ana shan ta kullum, shekara 5 ko fiye. Ko ciwon ya bazu, tana iya rage mishi gudu, mutum ya samu sauƙi. Wasu ƙwayoyin da ake ba matan da suka bar haila ba su isar namiji su kaɗai, don haka kada miji ya sha maganin matarshi.

Akwai kuma zancen gado. Namiji in ya kamu, ya kamata ɗiyanshi mata da ƴan uwanshi mata su riƙa zuwa awo, don wani lokaci ciwon yana bin jinin dangi. Uban da ya ɓoye nashi ya hana su shiri.

Hanyar a buɗe take. A fara daga gidan likita na Matankari, su tura mutum asibitin Dogon Dutsi, daga nan Doso ko Yamai. A Yamai akwai cibiyar yaƙi da sankara ta ƙasa, inda tun 2021 ake gasa ciwon da hasken na'ura, aikin da a da sai an fita waje.

Tafiya Yamai tana cin kuɗi, gaskiya ne. Amma ƙullutu mai girman ƙwarar gujiya ya fi gyambo arahar magani. Duk magidancin da ya taɓa shi, ya nuna ma likita cikin satin nan, kada ya jira kaka.