Ajekoriya: ƙaramin littafi ne maganin ƙyuyar karatu

A Ajekoriya, cikin gundumar Dakoro ta jahar Maraɗi, akwai ma'aikata da ƴan kasuwa waɗanda suka yi lakkwal, ko suka koyi boko a ajin yaƙi da jahilci, amma shekara takan zagayo ba su buɗe littafi ba. Da damana gona, da kaka cinikin hatsi da wake, da bazara kuma zafi ya kashe jiki. Alhali karatun da aka jingine tsatsa yake yi, har ɗan kasuwa ya koma neman mai duba masa takardar bashi.

Mai son komawa ga karatu gara ya soma da mai sauƙi. Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda ya fito a 1934 bayan gasar da aka shirya a Zariya a 1933, gajere ne, kuma ƙetar da Alhaji Imam da Malam Zurƙe ke ƙulla wa juna ba ta barin mutum ya yi gyangyaɗi. Magana Jari Ce kuwa (1937 zuwa 1939) kowane labari cin gashin kansa yake yi, ana iya gama ɗaya tsakanin la'asar da magariba. Wanda ya fi sabawa da Faransanci, ga Sarraounia na Abdoulaye Mamani (1980), a kan turjiyar Lugu ta 1899.

Na Hausar ana iya ba fatake masu zuwa Katsina ko Kano saƙonsu. Shafi biyu a yini sun isa mafari: sannu ba ta hana zuwa.